Azumin da Ƙamshi Ya Ɗauke wa Kaltum

A Nguru, idan amarya ta wuce ka a lungu, ƙamshinta ya bi ka har bakin titi, ba sai ka tambaya ba, hannun Kaltum ne. Kaltum matar Malam Ajimi mai bandar kifi, waɗanda gidansu ke bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Gajera ce, mai ƙaramar murya, ba ta da hayaniya ko a gidan biki. Allah Ya raba wa kowa nasa, wani a hannu, wani a baki. Ita nata a hanci aka zuba.

A Gashuwa aka haife ta, gidansu bai da nisa da kogi. Uwarta, Ya Falmata, ita ce mai haɗa turaren wuta da humra a unguwarsu, kuma a gabanta ta koya. Tun ba ta iya ɗaura zane daidai ba ake zaunar da ita gindin turmi, a rufe mata ido da ɗankwali, a kara mata abu a hanci.

"Mene ne wannan?"

"Kajiji."

"Wannan fa?"

"Farce ne, Ya, amma ba a wanke shi sosai ba, yana ƙarni."

Sai tsohuwar ta ja tsaki, wai don kada yarinya ta ji an yabe ta, ta juya baya tana murmushi.

Da aka kai ta Nguru gidan mai bandar kifi, mutane suka samu abin dariya. Aka ce an haɗa hayaƙi biyu a gida ɗaya, sai a ga wanda zai kori wani. Babu wanda ya kori wani. Malam Ajimi zai dawo daga wajen banda da yamma, tun yana zaure take ɗaga murya daga madafa.

"Malam, tarwaɗa ce yau, kuma itacen ɗanye ne."

"Ke dai da 'yan kwastan sun san da ke, da tuni sun ɗauke ki aiki," in ji shi. "To zan shigo, ko sai an yi mini wanka a waje?"

Haka suka rayu har suka aurar da 'yarsu ɗaya tilo, Mardiyya, can Gashuwa kusa da kakarta. Kaltum ba ta taɓa auna kayan haɗi da cokali ba. Ta zuba, ta juya a wuta, ta sunkuya ta shaƙa, ta san abin da ya rage. Amare na zuwa mata daga Machina, daga Kumagannam, har daga Dapchi ana aiko da saƙo ta hannun direbobi. Likkafani kuwa, duk wanda aka ɗinka a unguwarsu sai an kawo mata ta turara, kuma ba ta karɓar komai a kansa.

Sai azumin shekarar Korona ya zo, cikin tsakiyar bazara, zafi kamar ana hura wuta. Rediyo ba ta da zance sai na cutar. An ce Kano ana ta binne manya, kafin a ce kwabo sai ga shi a nan ma kusan kullum ana sanarwar rasuwar wani dattijo. Wasu na cewa Korona ce, wasu na cewa zafi ne da azumi, wasu na cewa babu wata Korona sai a bakin gwamnati.

Malam Ajimi dama yana da tarinsa na shekara da shekaru, wanda hayaƙin banda ya bar masa. A azumin nan tarin ya canza murya. Yana yi yana fitar da kaki, ƙirjinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Kwanciya ta gagare shi, sai dai ya jingina da bango a zaune. Ana jin tarinsa daga gida na uku.

Abin da ya fi ba Kaltum mamaki shi ne saurin da mutane suka yi. Maƙwabciyar da ke shigowa aron rariya ta daina. Mai ruwa ya koma ajiye jarkoki a bakin ƙofa ya wuce da sauri. Wata uwar amarya ta aiko a ce a bar haɗin nan tukuna.

Ranar da numfashi ya nemi ƙwace masa, aka kira ma'aikatan lafiya. Suka zo cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, ido kawai ake gani. Ɗaya ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta gane muryar. Hizbullahi ne, ɗan unguwarsu, wanda ita ta haɗa wa matarsa humra da aurensu. Suka tura wa Malam wani dogon tsinke mai auduga a hanci, suka ɗauke shi zuwa inda ake killace masu cutar. Ita ma aka yi mata, har hawaye ya zubo.

"Mama, kina tari?"

"Babu."

"Zazzaɓi fa?"

"Babu, ɗan nan. Sai dai gajiya da ɗan ciwon kai, ka san azumi."

"To ki zauna a ɗakinki, kada ki je ko'ina har sakamako ya fito. Can nesa ake kaiwa a duba, yana ɗaukar lokaci. Zan kira ki da kaina."

Ta zauna. Gida ya yi mata faɗi. Babu tarin Malam, babu sallamar kowa. Don kada tunani ya cinye ta, ta ɗauko sabon itacen sandal da kajijin da ta saya kafin azumi, ta daka, ta narka sukari, ta zuba turaruka, ta juya har ya kama jikinsa. Ta sunkuya ta shaƙa.

Babu komai.

Ta ɗebo kaɗan ta zuba a garwashi. Hayaƙi ya tashi fari, ya naɗe mata fuska, ya sa idonta ruwa, amma hancinta shiru, kamar tana shaƙar tururin ruwan zafi. Ta ƙara turare. Ta ƙara miski. Ta zazzage kwalbar da take tattali tun bara. Duk ɗaya.

"La'ilaha illallahu," ta ce ita kaɗai. "An sayar mini da mataccen itace."

Abin da ya zo mata kenan, kuma da wa za ta yi shawara? Mace ce da hancinta bai taɓa yi mata ƙarya ba, to in an samu saɓani tsakanin hanci da kaya, kayan ne da laifi. Da aka sha ruwa ta kai kunun tsamiya baki ta ji salam, ta ce damuwa ce. Wa zai ji daɗin abinci mijinsa na hannun masu fararen kaya?

Ana cikin haka wayarta ta yi ƙara. Mardiyya ce, ta ce ga Kaka.

"Kaltume," in ji Ya Falmata, da muryar nan tata da tsufa bai rage mata komai ba, "an ce kina zaune ke kaɗai a gidan nan."

"Haka ne, Ya."

"Kina tari?"

"Ba na yi."

"Jikinki da zafi?"

"Ƙalau nake."

"To me kike jira? Cutar ta gama da shi ta juyo kanki? Gidan da cuta ta shiga ba a kwana a cikinsa. Ki tattaro ki taho."

"Ya, Hizbullahi ya ce kada in je ko'ina."

"Hizbullahi ne ya haife ki?"

Kaltum ta ajiye wayar. Ta dubi tabarmar da Malam ke zama a kai, ta dubi ƙofar da babu mai turowa. A lissafinta, da na uwarta, da na duk wanda ka tsayar a kasuwar Nguru ka tambaya, mai cutar shi ne mai tari, kuma an riga an tafi da shi. Ita lafiyayya ce da ke zaune a wurin haɗari. Washegari ta yafa laffayarta, ta juye mataccen turaren nan a babbar roba, don ba ta iya zubar da abin da ta sha wuya a kansa, ta shiga motar Gashuwa.

Ya Falmata ta haura tamanin. Idonta ya yi rauni, ƙafa sai da sanda, amma baki da hanci na nan daram. Gidansu akwai wata al'ada tun ta kakanni. Duk wanda ya fito daga gidan jinya ko gidan rasuwa, ba ya cuɗanya da mutane sai an turara shi. A zuba garwashi a kasko, a zauna a kansa, a lulluɓa da babban mayafi har ƙasa, hayaƙi ya ratsa jiki da tufafi ya kori abin da ya biyo mutum. Ranar da Kaltum ta iso, bayan an sha ruwa an yi Magariba, tsohuwar ta ce a kawo kasko.

"Ki rufe ƙofa, ki toshe tagar nan da tsumma. Matso. Ni ma zan shiga, tunda kin riga kin taɓa ni."

Suka zauna a ƙasa, kasko a tsakani, gwiwa na taɓa gwiwa, mayafi ɗaya a kansu. Goshinsu ya kusa haɗuwa. Ya Falmata na karanta Falaƙi da Nasi, Kaltum na amsawa, numfashin kowacce na sauka a fuskar 'yar'uwarta. Kaltum ta ɗebo turare cike da hannu ta watsa a wuta.

Tsohuwar ta yaye mayafin tana atishawa.

"Ke! Kashe ni za ki yi? Wa ya koya miki wannan zubin, kamar mai ba jaki dusa?"

"Ya, ai mataccen haɗi ne, sai an cika."

"Matacce? Wannan? Ko gawa ta shaƙi wannan sai ta tashi zaune. Tsufa ya fara kama ki kafin ni."

Mardiyya na daga tsakar gida tana dariya. Ciki ne da ita, ko warin albasa ba ta iya jurewa, saboda haka kullum takan zo ta dafa musu burabusko da miyar yakuwa a waje, ta ajiye a bakin ƙofa, ba ta shiga ɗakin.

"Kaka, ku biyu dai sai kun banda kanku kamar kifin Baba."

"Rufe mini baki, mai tulun ciki. Kakanki da wannan hayaƙin na riƙe shi har ya mutu bai dubi wata ba."

Haka aka riƙa yi kullum bayan shan ruwa. Ya Falmata ta ce sai an yi ta har Malam ya fito. Kullum tana mitar an cika hannu, kullum Kaltum na cewa a ranta hancin tsofaffi ne, ba ya son ƙarfi. Ɗaki ɗaya suke kwana, ƙwarya ɗaya suke shan kunu.

Wata yamma, can cikin goman ƙarshe, suka shiga mayafi kamar kullum. Kaltum ta watsa cike da hannu kamar kullum. Ta jira faɗa, ba ta ji ba. Tsohuwar ta ja numfashi, ta sake ja.

"Yau kuma rowa kika yi? Ban ji komai ba."

Daɗi ya kama Kaltum.

"Yauwa, Ya! Ba na faɗa miki ba? Haɗin ya mutu. Yau dai kin yarda."

"To ƙara."

Ta ƙara. Daga waje Mardiyya ta yi tari, ta ce hayaƙin har ya fito ta ƙasan ƙofa yana neman sa ta amai. Babu wadda ta kula ta.

Washegari da hantsi, Kaltum na shanya wanki, waya ta yi ƙara.

"Mama, Hizbullahi ne. Kina ɗakinki?"

"Ina Gashuwa, wajen tsohuwa."



"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce. "Mama, sakamako ya fito. Baba ba ya da ita. An sake masa ma, babu. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ruwa ya taru masa a ƙirji, shi ya kumbura masa ƙafa, shi ya hana shi kwanciya. An fara ba shi magani, har ya kwanta a bayansa."

"Alhamdu lillahi! Alhamdu..."

"Mama, tsaya. Ke ce kike da ita."

Rigar da ke hannunta ta faɗi cikin ƙasa.

"Ni? Ɗan nan, kun haɗa kwalabe ne. Shi ke tari. Ni ko atishawa ban yi ba. Duk Nguru an ji tarinsa."

"Ni ma da na gani sai da na sake dubawa. Amma haka muke ta gani a nan. Da yawa waɗanda aka kawo mana da tari mai ƙarfi da kaki da kumburin ƙafa, in an gwada sai a ga ba ita ba ce, tsohon ciwonsu ne ya tashi. Wasu kuma da aka samu da ita, ga su nan a zaune suna hira, daga gajiya sai ciwon kai, sai busasshen tari kaɗan, wani ma babu. Akwai abu ɗaya da ban tambaye ki ba ranar, don lokacin ba mu saba tambaya ba. Mama, kina jin ƙamshi?"

Ya ci gaba da tambaya.

"Abinci fa, kina jin ɗanɗanonsa? Da yawa daga masu ita abin da suke fara faɗa kenan, hanci ba mura, ba toshewa, amma ya ɗauke ɗif."

Kaltum ta juya ta dubi robar turaren da ke bakin ƙofa. Ta dubi mayafin da ke rataye a igiya. Ta dubi ɗakin, inda Ya Falmata ke kwance har yanzu, abin da ba ta saba yi da hantsi ba. Maganar jiya ta dawo mata kalma kalma, da irin daɗin da ta ji da aka faɗe ta. Ta zauna a ƙasa daɓas, cikin ruwan wanki.

"Mama? Mama, kina ji na? Wa da wa kuke kwana ɗaki ɗaya?"

Kafin Azahar ma'aikatan lafiya na Gashuwa sun zo. Aka mai da Kaltum ɗakin baya, inda ake ajiye hatsi, aka ce ko ƙofa kada ta leƙa. Aka tura wa tsohuwa tsinke a hanci tana zaginsu, aka yi wa Mardiyya. Aka ce a tafi da Ya Falmata asibiti, ta ce a ɗakin da ta haihu a nan za ta jira Mai kira, wanda ya isa ya ɗaga ta.

Bango ɗaya ne tsakaninsu, na ƙasa. Ta cikinsa Kaltum ta yi jinyar uwarta da kunne. Ta ji ranar da ta ture kwanon kunu ta ce an dama mata ruwan banza. Ta ji ranar da zazzaɓi ya rufe ta. Ta ji numfashin yana gajarta, yana gajarta, ba tare da irin tarin nan na Malam mai tayar da unguwa ba. Wanda ya wuce ta ƙofar gidan ba zai ce akwai marar lafiya a ciki ba.

Sau ɗaya tsohuwar ta buga bango da sanda.

"Kaltume."

"Na'am, Ya."

"Na ji kina kuka. Ni na kira ki ko ke kika kawo kanki?"

"Ke kika kira ni."

"To ki yi mini shiru. Kwana in ya ƙare, ko a Makka kike sai ya ƙare."

Ta rasu bayan Sallah da kaɗan, da safe, rana ta ɗan ɗaga. Mata biyu suka yi mata wanka da safar hannu da takunkumi. Da aka zo turara likkafani aka rasa turare a gidan mai turare, sai robar nan ta bakin ƙofa. Mardiyya ta tambaya ta bayan ƙyaure, Kaltum ta ce a ɗiba, amma kaɗan, da yatsa uku. Aka zuba a wuta. Tana jin matan na salati, ɗaya na cewa tunda take ba ta taɓa jin haɗi mai ƙarfin wannan ba, har maza a waje suna tambayar na wane ne. Hayaƙin ya shigo mata ta saman bango. Ta buɗe hanci ta ja iya ƙarfinta. Babu komai. Haka aka fita da uwarta.

Bayan an share makoki sakamakon ya iso. Mardiyya ba ta da ita. Ya Falmata ma, aka ce, gwaji bai nuna ba.

Dangi suka yi ta murna da wannan. "Kin gani? Tsufa ne. Ba ke ba ce, ki kwantar da hankalinki." Kaltum ta kira Hizbullahi ta tambaye shi gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ce ba zai yi mata ƙarya ba, gwajin yakan kuskure, musamman in an ɗauka da wuri ko tsinken bai shiga sosai ba, ga kuma nisan hanya da zafi. Zai yiwu ita ce, zai yiwu ba ita ba ce, shi bai sani ba. Ta yi masa godiya. Ba ta yi musu da kowa ba, har yau. Amma ita ce ke cikin mayafin ranar da tsohuwar ta ce ba ta ji komai ba.

Malam Ajimi ya dawo gida da ƙafafunsa, takalmi na shiga. An hana shi gishiri, an hana shi banda. Maƙwabtan da suka guje shi suka zo barka, suka kuma riƙa zama nesa da Kaltum, ita da ta riga ta warke. Ranar da ta dawo Nguru, Malam ya tsaya a zaure kamar da, da ƙullin kifi a hannu da wani ya ba shi.

"To 'yar kwastan, me na riƙo?"

Ta dube shi, ta dubi ƙullin, ta girgiza kai. Bai sake yi mata wannan wasan ba.

Hancin ya dawo bayan damina, amma ba duka ba. Tana jin kajiji, tana jin albasa, tana jin ruwan sama in ya taɓa ƙasa. Sandal ne har yau yake zo mata kamar ƙonanniyar roba. Ba ta daina sana'a ba. Yanzu da cokali take aunawa, in ta gama ta aika da kaɗan Gashuwa a ƙullin leda, Mardiyya ta ƙona ta kira ta ta ce a ƙara kaza ko a rage. Jaririyar da Mardiyya ta haifa an sa mata Falmata.

Har yanzu ana kawo mata likkafani, har yanzu ba ta karɓar komai. Mata kan zo daga gidan jinya su ce ta turara su irin na gidansu na Gashuwa. Takan zuba musu garwashi a kasko, ta kai tsakar gida inda iska ke kaɗawa, ta miƙa musu turaren, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. In wata ta ce, "Haba Ya Kaltum, ba za ki lulluɓa mu ba?" sai ta ce mayafin yana Gashuwa.